Cin Zarto

Ranar da aka gama haɗa sabon zarton, rana ta riga ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Shagon a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta ciki, don haka duk ƙusar da aka buga a shago ana jin ta a ɗakin girki. Uwar gidan tana tsaye a ƙofar ciki, hannu a ƙugu, tana kallon abin da ɗanta ya kwashe mako uku yana fama da shi.

Mutanen layin Ba-Ragi suke kiranta, ita kuwa ba ta taɓa ƙin sunan ba. Da mijinta kafinta ya rasu, kowa ya zuba ido ya ga ranar da za ta sayar da shagon. Shekara biyu ke nan suna zuba idon. Karatunta bai yi nisa ba, amma ba a taɓa shigo mata da katako mai ido an fita da dariya ba. 'Ya'yanta biyu ne suka rage mata a gida: Babba, wanda ya gaji hannun ubansa, da Auta, budurwa mai shekara goma sha tara, wadda take riƙe da tef da fensir, don idonta ya fi na kowa ganin layi.

Abin da ya sa aka yi zarton ba wani abu ba ne illa faifan katako. Faifai ɗaya ƙafa huɗu ne a faɗi, ƙafa takwas a tsawo. Marigayi a ƙasa yake kwantar da shi, ya ɗora gwiwa, ya bi shi da zarton hannu har gumi ya ɗiga a kan layin. Babba ya gwada da zarton lantarki, mutum biyu na riƙe masa, amma kullum bakin faifan sai ya fito kamar tafiyar maye. Masu son kabad suka fara komawa wani wuri. Sai ya je wani babban kamfani ya leƙa irin zartonsu, wanda ake tsayar da faifai a jikinsa a tsaye, ya dawo ya zana shi a bayan kwali.

Firam ya yi da katako mai ƙwari, ya jingina shi a bango da ɗan karkata don faifai ya kwanta a jikinsa kada ya faɗo wa mutum. Mai walda ya haɗa masa bututun ƙarfe biyu, suka miƙe daga sama har ƙasa, tazararsu ɗaya. A tsakaninsu aka ɗaura zarton lantarkin a kan faranti mai ƙananan tayoyi, yana hawa yana sauka. Aka ɗaura masa igiya ta bi ta kan gargare a sama, ta sauko ta baya da galan cike da yashi, don nauyin ya daidaita, ko da yatsa biyu ka ja shi ya bi ka. Kwana biyu Auta ta yi tana auna kusurwa zuwa kusurwa, tana cewa, “Yaya, saura kaɗan, ɗan buga ta hagu,” har sikwaya, ƙarfen auna kusurwa, ta zauna ba haske a tsakani.

Abu ɗaya ne ba daga kwalin Babba ya fito ba. Ba-Ragi ce ta ce a sa wa zarton tiyo da tsohuwar fanka da buhu, duk dusar katakon da ya ci ta zuba a ciki, don masu kiwon kaji suna nema. Kuma bangon da firam ɗin ya dace da shi, nan ne kusurwar da marigayi yake tara dusar katako. Shekara talatin yana share ta zuwa wurin, bai taɓa sayarwa ba, bai taɓa ƙonawa ba. In ta yi masa mita sai ya ce, “Bar shi, cin zarto ba namu ba ne.” Ita ta ɗauka maganar kafintoci yake yi, don in za su yanka katako layi biyu suke ja kusa da juna, abin da ke tsakani zarto ne zai cinye, ba na ɓangaren dama ba ne, ba na hagu ba. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ba me ya sa tulin shekara talatin bai taɓa wuce gwiwa ba. Ta sa wani mai kaji ya kwashe shi tas, aka share, aka kafa firam.

A wannan yammacin Auta ta ja layinta biyu a kan faifai na farko. Babba ya yi bisimilla ya kunna. Zarton ya sauko a hankali, ya raba faifan kamar an yanka sabulu, buhun ya kumbura, ko ƙwayar dusa ba ta taɓa ƙasa ba. Ba-Ragi ta shafa bakin katakon da yatsa, ta ce, “To, masu jira mu rufe sai su nemi kujera.”

Babba ya kashe injin. Shiru ya sauko, irin shirun da ke biyo bayan ƙara. A cikin shirun nan suka ji tari. Tarin jariri ne, siriri, sau biyu, daga lungun da ke tsakanin firam da bango, inda ko kyanwa sai ta matse kafin ta shiga. Galan ɗin yashi yana lilo a hankali, alhali babu wanda ya taɓa shi.

“Ɗan maƙwabta ne,” in ji Ba-Ragi. Babu wanda ya tuna mata cewa bayan bangon nan fili ne.

Washegari aiki ya yi kyau har la'asar. Da inuwa ta kai bakin ƙofar shago, sai guntun katako ya faɗo a tsakar gida, kusa da inda Ba-Ragi take wanke kwanuka. Ta ɗaga kai, ba kowa a kan katanga. Wani ya sake faɗowa, sannan wani. Ta tsince su ta jera a tafin hannu. Dukansu tsawonsu ɗaya, bakinsu sumul, irin yankan da ko sabon zarton ba zai yi ba. Da suka shiga shago suka tarar an tsaga buhun daga sama har ƙasa a miƙe, dusar kuwa babu ita, ko a ƙasa.

Ta ɗinke buhun da kanta. Ta ce ɓeraye ne. Rana ta uku ta sake ɗinkewa, ta huɗu ta sa sabo. Kullum in inuwa ta kai ƙofa jifa ya fara, kullum tarin yana ƙaruwa, ya zama na yara biyu, ya zama na uku, wani lokaci da muryar tsohuwa tana rarrashinsu ƙasa-ƙasa. Da an yi sallar magariba komai ya lafa, sai dai babu mai iya haɗiye abinci.

Rana ta shida aka nemi Auta aka rasa. Babba ne ya hango ƙafafunta. Tana kwance a lungun bayan firam, a wurin da kafaɗarta bai kamata ta shiga ba, idonta a buɗe, fensir a hannunta. Da ƙyar ya jawo ta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi uwarta kamar yadda ake duban katakon da za a saya, daga sama zuwa ƙasa, sannan ta miƙa hannu ta ja layi biyu a kan zanen uwar.

Daga ranar ba ta bar jan layi ba. A jikin ƙofa, a kan tabarma, a murfin tukunya, a damtsenta. Kullum biyu, kusa da juna. Kuma ta fara ramewa, ba irin ramar ciwo ba. Kowace safiya sai a ga kamar an ɗan shafce ta kaɗan, awarwaron da ke kama mata hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu. An kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka haska ƙirji, likita ya juya takarda ya ce bai ga komai ba, a ba ta abinci mai kyau. Tana ci kuwa. Abincin ne ba a san inda yake zuwa ba.

Babba ya ce, “Inna, bari in kwance abin nan in ƙona.”

“Aikin mako uku? Ka ƙona mu ci me?”

Bai saurare ta ba. Ya ɗauko sifana ya kama noti na farko. Yana juyawa Auta ta ƙwalla ƙara daga cikin ɗaki, ta riƙe kafaɗarta kamar ita ake kwancewa. Ya mayar da notin, ta yi shiru. Ya zauna a ƙasan shago ya dafe kai, namiji mai gemu, yana kuka kamar yaro. Kwancewa ba dama, barinsa ba dama.

Ba-Ragi ta san akwai wani malami tsoho a ƙarshen layi, wanda marigayi ya taɓa yi wa kantar littattafai. Kwana goma sha uku tana wuce ƙofarsa a zuciyarta tana dawowa. Abin da ke tsayar da ita shi ne bakin mutane: ga ta nan, mace ta ce za ta riƙe shagon maza, ga abin da ta jawo. Sai ranar da ta zo yi wa Auta wanka, ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ji kamar ta ɗaga kwando. Ta ajiye ta, ta yafa mayafi a karkace, ta fita ba takalmi.

Malam ya zo da la'asar, da sandarsa da butarsa. Bai tambayi yarinyar ba tukuna. Ya tsaya a gaban zarton ya daɗe yana kallo, ya ja farantin da yatsa biyu ya ga yadda yake bin hannu, ya ce, “Aiki ya yi kyau, ɗana.” Sannan ya leƙa bayan firam, ya dubi buhun, ya dubi ƙasa da aka share ƙal.

“Tulin da ke nan fa?”

“Na kwashe,” in ji ta. “Shara ce.”

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban zarton, aka kwantar da Auta. Ya juyo ga uwar. “Na san sunan da ake kiranki da shi. Yau ba kasuwa muka zo ba. Duk abin da kika ji, ki kama bakinki, ni zan yi magana.”

Ya fara karatu. Inuwa ta rarrafo ta taɓa bakin ƙofa. Titi ya yi tsit, kamar an ɗauke masu wucewa. Galan ɗin yashi ya fara lilo. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba, har Auta ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta buɗe baki.

“Ya isa, Malam, kana ƙona ni a banza. Ba gudu zan yi ba.” Muryar tsohuwa ce, busasshiya, kamar ana goga katako da takarda mai yashi.

“Wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?”

“Maƙwabciya ce. Kafin a yi bangon nan muna nan. Mai shagon ya san da mu. Bai taɓa ganinmu ba, amma ya ji tarin jikokina wata shekara da sanyi, ya share mana dusa zuwa kusurwa. A cikinta muke kwana. Bai ce mu biya ba, ba mu ce ya ƙara ba. Shekara talatin ko yatsa zarto bai taɓa yanke masa ba, ka tambaye ta ko ƙarya nake.” Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci uwarta. “Sai ga wannan ta kwashe shimfiɗarmu ta kai wa kaji. Ta sa wa zarto baki ya haɗiye rabonmu. Jikokina uku a kan siminti. To, cin zarto namu ne. In ba a ba mu a katako ba, mu ɗauka a inda muka samu. Kullum layi ɗaya nake ci a jikin 'yarta, ban taɓa wuce layi ba.”

“An yi muku ba daidai ba, cikin rashin sani,” in ji Malam. “Amma yarinya ba ta ci muku komai ba, kuma kin san zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Faɗi abin da zai raba.”

“A cire buhu. Duk abin da zarto ya ci, daga yau har ranar da shagon nan zai rufe, namu ne. Ba rabi ba, duka.”

“Albarka.”

Kalmar ta fita kafin Ba-Ragi ta san bakinta ya buɗe. Ba daga zuciyarta ta fito ba. Shekara talatin duk wanda ya yi mata tayin farko abin da yake ji ke nan, ko tayin ya yi kyau, don ba a karɓar tayin farko. Harshe ya riga ya saba hanya kamar jakin mai itace. Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, amma magana zarar bunu ce.

Malam ya runtse ido. Babba ya ce, “Inna!”

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba ta da sauti sosai. “Ka ji ko, Malam? Ta ƙi tayi.”

Farantin zarton ya sauko da kansa a kan bututun, a hankali, daga sama har ƙasa, ba wuta, ba hannu. Yana sauka jikin Auta yana lanƙwashewa baya, har ƙeyarta ta kusa taɓa tabarma. Malam ya ɗaga murya da karatu, sai ƙura ta taso daga buhun ta cika masa maƙogwaro, ya kama tari, ya kasa haɗa kalma biyu. Ba-Ragi ta zube a kan gwiwoyinta. Matar da ba ta taɓa durƙusa wa dillali ba, ga ta tana rarrafe a cikin shagonta, tana cewa, “Na tuba, baki ne, wallahi baki ne.”

“To, tashi, 'yar'uwa, kada ki ɓata zane,” in ji muryar, ta yi laushi kamar ta mai son a rabu lafiya. “Ni ma na gaji. Mu sauƙaƙa. Kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, a tashi. Kin sallama?”

“Inna, ki ce kin sallama!” Babba yana girgiza kafaɗarta. “Ki faɗa mana a huta!”

Malam yana ɗaga hannu yana tari, idonsa ya yi ja, ba a gane me yake nufi. Ba-Ragi ta buɗe baki. Kalmar tana kan harshenta, mai sauƙi, ga 'yarta a lanƙwashe tana numfashi da ƙyar. Sai wannan tsohon harshen dai, wanda ya jefa ta a rami, ya ƙi motsi. A rayuwarta ba ta taɓa cewa ta sallama ba sai an faɗi kaya da sunansa. Ta dubi hannunta: ba komai sai zaren ɗinkin buhu. Ta dubi abin da ke hannun waccan: 'yarta ce.

“A faɗi kaya,” ta ce. “Me na sallama?”

Galan ya tsaya cak.

“Kai,” in ji muryar. “Ashe ba a banza suka ba ki sunan ba.”

Malam ya samu numfashi, ya kurɓi ruwa daga buta, ya ce, “Faɗi naki da bakinki, ɗaya bayan ɗaya. Ni ne shaida, Allah kuma ya fi ni.”

Ta lissafa, hawaye na shiga mata baki. Ta sallama buhu da tiyo da fanka. Ta sallama duk dusar da zarto zai ci, ta faifai da ta katako, ba rabi ba. Ta sallama lungun bayan firam, ba tsintsiyar da za ta sake shiga. Muryar ta ƙara da cewa in inuwa ta kai ƙofa a kashe injin, yara na son barci. Nan ma ta sallama, ba ta nemi ragin ko minti ɗaya ba.

“Ni kuma 'yata,” ta ce. “Duka. Yadda kika same ta.”

“Naman jikinta zai dawo. Amma ke matar kafinta ce. Yanka faifai gida biyu, ki haɗa su, ki auna, ki gani ko za su cika ƙafa takwas. Da kin karɓi tayin farko da na ba ki ita cif. Kin sa an sake yanka.”

Malam ya matsa mata da karatu, ya ce ta fita ta inda ta shiga, kada ta sake waiwayar gidan nan da sharri. Babba ya fizge tiyon, ya zazzage buhun a bayan firam. Auta ta yi atishawa sau uku, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ta sulale a kan tabarma. Daga lungun aka ji motsi kaɗan, irin na yara suna gyara kwanciya. A nesa aka fara kiran sallah.

Auta ta warke. Cikin wata biyu awarwaronta ya koma yana kama hannu, ta koma kan tef da fensir, layinta yana nan a miƙe kamar da. Zarton ma yana nan yana aiki, har kafintocin wasu layuka suna kawo faifansu a yanka musu, suna tambayar Babba yadda ya yi galan ɗin. Suna kuma yi masa tsiya, wai ya ƙera injin zamani ya bar dusa na zuba a ƙasa kamar shagon kakansa. Shi dai murmushi yake yi.

Abu ɗaya ne ya rage. In aka kira Auta ba ta amsawa nan take. Sai an yi ɗan shiru, siriri, faɗin bakin zarto, idonta a tsaye kamar ba kowa a ciki, sannan ta ce, “Na'am, Inna.” Baƙo ba zai lura ba. Ita kanta ba ta san tana yi ba. Uwar ce kaɗai take faɗawa cikin wannan ɗan shirun sau ashirin a rana, kuma har yau ba ta saba ba. Wani lokaci takan haƙura da kiran, ta tashi ta je ta taɓa kafaɗarta.

Bayan wata uku mai kaji ya dawo da buhunansa a bayan keke. Ya leƙa ya ga tulin a bayan firam, ya kai gwiwa, ya ce, “Uwar shago, ga dukiya tana kwance. Yau ba sai mun ja ba, faɗi yadda kike so.”

Ba-Ragi tana zaune a ƙofar ciki, tana kallon inuwa tana matsowa. Ba ta ko dubi buhunan ba.

“Albarka,” ta ce. “Cin zarto ba namu ba ne.”

Sannan ta juya ta kira 'yarta ta zo ta kashe injin, ta riƙe numfashi tana jira.